Ciwon Cikin da Ba Ya Jiran Wayewar Gari: Jawabi a Kan Kumburin Fankiriyas



Akwai kalma ɗaya da ta haɗiye kusan kowane ciwon ciki a garuruwanmu, ita ce olsa. Daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, duk wanda ya dafe ƙahon zuci ya ce wayyo, kafin ya rufe baki wani ya riga ya raɗa wa ciwon suna, wani kuma ya tafi jiƙo kanwa, ko ya aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na kwalba. Sau da yawa ciwon yakan lafa, shi ya sa al'adar ta samu gindin zama. To amma akwai wani ciwo da yake tsayawa daidai inda olsa take tsayawa, yana kuma zuwa da amai kamar yadda takan zo, alhali shi ba gyambo ba ne, kanwa kuma ba ta isa inda yake. Likitocin Najeriya suna kiransa fankiriyataitis, waɗanda suka yi karatu da Faransanci a Nijar da Chadi da Kamaru suna cewa fankiriyatit. Mu za mu kira shi kumburin fankiriyas mai zuwa farat ɗaya. Mafi yawan waɗanda ya kama suna warkewa sarai. Abin da yakan juya shi ya zama ajali, sau da yawa, shi ne kwana biyu ko ukun farko da ake ɓatawa a gida ana jiran olsa ta sauka.

Bari mu fara da gaɓar kanta, domin da wuya ka ji an ambace ta a hira. Wasu sukan ce saifa ce. Ba ita ba ce. Saifa tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini. Fankiriyas wani nama ne mai taushi, tsawonsa a jikin baligi kimanin santimita 15, wato bai cika taƙi ba, yana kwance a gicciye bayan tumbi, ya jingina da ƙashin baya. Ku riƙe wannan magana ta cewa a baya gaɓar take kwance, domin ita za ta bayyana muku abin da ya sa ciwonta yake ratsawa zuwa gadon baya.

Aiki biyu take yi. Na ɗaya masu ciwon sukari sun san shi: ita ce take samar da insulin. Na biyu, wanda ya shafe mu yau, shi ne narkar da abinci. Kowace rana tana tatso ruwa kimanin lita ɗaya da rabi, mai ɗauke da sinadaran da suke narkar da nama da kitse da abinci mai sitaci irin su tuwo da rogo. Ku tsaya ku yi tunani: ruwan da yake narkar da tsire, me zai hana shi narkar da gaɓar da ta haife shi, alhali ita ma nama ce? Abin da ya hana shi ne, mafiya kaifi daga cikin sinadaran, wato masu narkar da nama, suna fitowa ne kamar wuƙa cikin kube, ba a zare su sai sun bi wata siririyar hanya sun faɗa cikin hanji. Ranar da wani abu ya sa wuƙar ta fita daga kube tun tana cikin gida, sai fankiriyas ta shiga cin kanta. Wannan shi ne ciwon. Wani likita mai suna Reginald Fitz ya yi cikakken bayaninsa a birnin Boston na Amurka tun a shekarar 1889.

Yakan zo ne ba sallama. Mutum yana zaune lafiya, sau da yawa bayan ya ci abinci mai maiƙo ko ya sha giya, sai ya ji wani azababben zafi a saman ciki, tsakanin cibiya da ƙahon zuci, cikin ɗan lokaci ya kai maƙura. Ba murɗa ba ce mai kamawa ta saki. Tsayawa yake yi cak, awa bayan awa, har a kwana a yini. Kusan rabin masu ciwon sukan ce yana huda su ya fita ta baya kamar an soka musu mashi, wasu su ce ya zagaye su kamar ɗamara. Ku lura da zaman mai ciwon. Idan ya kwanta rigingine abin ƙaruwa yake yi, don haka za ku gan shi zaune ya duƙa gaba ya rungume gwiwoyinsa, ko ya kwanta a gefe ya dunƙule. Amai yana biyo baya a kai a kai, kuma amai ne da ba ya kawo sauƙi. Mai olsa idan ya yi amai, ko ya sha maganin kashe tsamin ciki, yakan ɗan samu sa'ida. Wannan kuwa ko ya amayar da duk abin da ke cikinsa, zafin yana nan inda yake.

Idan zazzaɓi ya biyo baya, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zuciya tana bugawa da sauri ga gumi mai sanyi, ko numfashi ya koma sama-sama, ko fitsari ya ragu, ko idanu suka yi rawaya irin ta shawara, ko mutum ya fara sambatu, to ciwon ya fara taɓa sauran jiki. Amma ba na so ku tashi daga nan da zaton za ku iya tantance shi a gida. Likita ma ba ya iyawa sai da gwaji. Olsar da ta huda tumbi, da hanjin da taifot ya huda, da ciwon zuciya, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, duk suna iya zuwa da kama ɗaya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ake jinyarsa a kan tabarma. Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ya ƙi saki, ya haɗu da amai, na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Yanzu sai sanadi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin rashin sanin sanadi ya sha raba zumunci. Ku ɗauka an yi walima, ko ranar Sallar layya ce, an ci soyayyen nama an ƙoshi. Tsakar dare sai maigida ya tashi yana birgima. Me mutane za su ce? An ba shi wani abu a abinci. Ido ya koma kan wadda ta yi girki, ko kan kishiyarta, ko maƙwabcin da ya aiko da kwano. Kafin a kai mara lafiya asibiti an riga an yanke wa wata baiwar Allah hukunci. Alhali ga abin da ya faru a cikin jikin. A ƙarƙashin hanta akwai matsarmama, wadda wasu ke kira madaciya, jakar da take tara ruwan nan mai ɗaci da hanta take yi. A jikin wasu mutane tsakuwa takan taru a cikinta shekara da shekaru ba su sani ba. Idan aka ci maiƙo, matsarmama takan matse ta tura ruwanta domin ya taimaka wajen narkar da shi, sai wata 'yar tsakuwa ta biyo ruwan. Hanyar matsarmama da hanyar fankiriyas kuwa, a jikin mafi yawan mutane, haɗuwa suke yi su shiga hanji ta ƙofa ɗaya. Tsakuwar da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, idan ta maƙale a wannan ƙofa, ta tare wa fankiriyas hanya, shi ke nan wuƙa ta fita daga kube. Eugene Opie, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya ga irin wannan tsakuwa a maƙale a ƙofar a gawar wani da ciwon ya kashe, ya rubuta labarinta a 1901. Babu guba a cikin abincin. Maiƙonsa ne ya motsa tsakuwar da ta daɗe a kwance. Abin mamaki, ƙananan tsakuwoyi sun fi manya haɗari a nan, domin babba ba ta iya shiga hanyar.

Tsakuwar matsarmama ta fi samun mata, musamman waɗanda suka haihu da yawa, da masu ƙiba, da waɗanda shekaru suka fara ja. Mai juna biyu ma tana iya kamuwa, galibi a watannin ƙarshe, don haka kada a ɗauki kowane ciwon saman ciki a matsayin laulayi. Sa'an nan akwai masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda muke da su da yawa a gefen iyakar nan biyu. Jininsu yana saurin farfashewa, abin da ya farfashe kuma hanta ce take fitar da shi ta ruwan ɗaci, shi ya sa sukan tara tsakuwa tun suna yara. Iyaye sun saba da tashin ciwon sikila har sukan ce na kullum ne. Idan ya tsaya a saman ciki tare da amai, a nemi a duba matsarmama da fankiriyas.

Babban sanadi na biyu shi ne giya. Burkutu, barasar kwalba, ogogoro, duk ɗaya ne a wurin fankiriyas. Galibi wanda ya shekara da shekaru yana sha sosai ne yake kamuwa, shan taba kuma yana ƙara haɗarin. Na san wannan magana ce mai nauyi a garuruwanmu. Mai sha ba ya faɗa, dangi ko sun sani sukan rufa asiri. To ku sani likita ba alƙali ba ne, kuma abin da kuka faɗa masa amana ce a wuyansa. Idan kunya ta hana ka magana a gaban iyali, nemi su ba ku wuri. Akwai dalili na gaggawa: wanda jikinsa ya saba da giya, idan aka kwantar da shi ya daina sha kwatsam, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya fara karkarwa da gane-gane har da jijjiga, kuma akwai maganin da yake tare abin idan an sani tun farko. Haka nan kada wanda ya ji sunan ciwon ya ce ai na mashaya ne. Mata da yara da dattawan da ko warin giya ba su sani ba suna kamuwa da shi.

Sauran sanadai zan bi su da sauri. Akwai yawan kitse a cikin jini, irin wanda ake kira tiraigilisaraid, idan ya haura miligiram 1000 a desilita, wato giram 10 a lita a ma'aunin da aka saba da shi a Nijar. An fi ganin haka ga mai ciwon sukarin da ba a kula da shi ba. Akwai bugu, kamar yaro ya faɗi kan keke ya doke shi a saman ciki, ko ɗan kabu-kabu kan babur ya soke shi, kuma ciwon ba lalle ya bayyana nan take ba. Hangum yakan jawo shi, haka ma doguwar tsutsar ciki mai kama da tana idan ta ɓata hanya ta kutsa cikin ƙofar da muka ambata, da gubar wasu magungunan feshin gona. Wasu magungunan asibiti ma sukan jawo shi jefi-jefi, kamar balfurowet na farfaɗiya. Mai shan irin wannan kada ya daina da kansa, ya dai ɗauki kwalin ya nuna wa likita.

Me ya sa nake nanata maganar lokaci? Domin ɓarnar ba ta tsayawa a fankiriyas. Idan gaɓar ta kumbura, jijiyoyin jini sukan fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye ya taru a bayan ciki da kewayen huhu, inda ba shi da amfani. Ga amai yana kwashe saura, ga mutum ba ya iya sha. Sai jini ya ragu ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa, ita fankiriyas ɗin ma jini ya gaza isarta, wani sashenta ya mutu. Kimanin mutum huɗu cikin biyar nasu mai sauƙi ne, cikin mako guda sun miƙe. Na biyar ɗin ne abin tsoro, kuma a ranar farko babu mai iya rantsuwa cewa ga wanda zai zama na biyar. A ƙa'idar likitoci da ake kira ta Atlanta, wadda aka sabunta a 2012, ana kiran ciwon mai tsanani idan huhu ko ƙoda ko zagayawar jini ya gaza har ya wuce awa 48 bai farfaɗo ba. Duk aikin kwanakin farko shi ne a hana kaiwa can.

Saboda haka ga roƙona. Kada a ɗura wa mai amai jiƙe-jiƙe. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gaɓar tana can bayan tumbi, ƙaho ba ya isa gare ta, jinin da za a zuƙe kuwa shi ne wanda jiki yake nema. Kada a sayo diklofenak ko ibufurofen a yi ta bayarwa, domin ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare suna iya ƙarasa ƙodar, idan kuma olsar ce ta gaske su ƙara ɓata ta. Allurar kashe zafi da ake yi a shagon magani ta fi su yaudara: zafi ya lafa na 'yan awoyi, kowa ya koma barci, ciwon kuwa yana can yana aikinsa.

Sai batun inda za a nufa, wanda ya fi shafar mu mazauna bakin iyaka. Mun saba na Jibiya ya tafi Maraɗi neman magani, na Magarya ya gangara Kano, na Ƙonni ya nufi Sakkwato, na Sakkwato ya haura Galmi. Wannan ba laifi ba ne. Amma a daren farko kada ku wuce asibiti uku domin ku isa wanda ya yi suna. Ku fara da mafi kusa da zai iya sa ƙarin ruwa ya ba da maganin zafi, ko a wane gefen iyaka yake. Idan suka ga abin ya fi ƙarfinsu, su tura ku gaba da ruwa a hannu da takarda a aljihu. Tafiyar awa biyar a bayan mota cikin zafin bazara, ga mai amai da ba a sa wa ruwa ba, ita kanta wani ciwo ce.

A asibiti abu uku likita yake dubawa, biyu daga ciki sun isa ya tabbatar: irin zafin da muka bayyana, da gwajin jini na lifes ko amiles da ya ninka iyakar lafiya sau uku ko fiye, da hoton ciki. Amiles yakan sauko cikin kwana uku zuwa biyar, don haka wanda ya makara yana iya ganin sakamako mai kyau alhali yana ɗauke da ciwon. Lifes ya fi daɗewa a sama. Game da hoto akwai wani ruɗani da yake jawo wa mutane asarar kuɗi. Abin da ake kira sikanin a Najeriya, wanda ake shafa mai a ciki a goga na'ura, shi ne eko a Nijar. Abin da ake kira sikana a Nijar kuwa, babbar na'urar da ake tura mutum cikinta, shi ne siti-sikan a Najeriya. Na farkon, mai araha, kowane mai wannan ciwo yana bukatarsa domin a nemi tsakuwa a matsarmama. Na biyun, mai tsada, ba kowa yake bukata ba, kuma ya fi nuna gaskiya bayan kwana uku ko huɗu da fara ciwo. Kada a sayar da akuya don a yi shi a ranar farko, sai fa idan likita yana shakkar wani ciwon daban.

Yanzu zan faɗa muku abin da ba kowa ke son ji ba. Babu ƙwaya ko allurar da take warkar da kumburin fankiriyas. Gaɓar da kanta take hucewa. Aikin asibiti shi ne ya riƙe sauran jiki har ta huce. Dangi sukan ce, yau kwana uku ba abin da ake yi masa sai ruwa, mu ɗauke shi mu gwada wani wuri. Ruwan nan shi ne maganin. An fi son wanda ake kira Ringa laktet, kuma amfaninsa ya fi yawa a awa 24 na farko. Amma shi ma da ma'auni. An daɗe ana zaton gwargwadon yawan ruwa gwargwadon alheri, har sai da wani bincike da likitocin Sifen suka jagoranta, aka buga a 2022, ya gwada hanyoyin biyu a kan marasa lafiya 249. Cikin waɗanda aka kwarara wa ruwa, kusan 20 cikin 100 ruwan ya yi musu yawa. Cikin waɗanda aka ba daidai-wa-daida, kusan 6 cikin 100. Na farkon kuma ba su fi samun sauƙi ba, har aka dakatar da binciken tun bai kai ƙarshe ba. Don haka kai mai jinya, kada ka taɓa ɗan makullin robar don ruwa ya ƙara gudu, kada kuma ka ga leda ta ƙare ka yi shiru. Aikin da za ka iya, mai daraja kuwa, shi ne lura da fitsari. Baligi mai nauyin kilo 60 ana so ya yi aƙalla mililita 30 a kowace awa, wato kimanin leda ɗaya da rabi ta ruwan sha a yini da kwana. In ya gaza haka, gaya wa ma'aikaciyar jinya nan take. Idan kuma likita ya rubuta allurar zafi mai ƙarfi irin su mofin, kada ku hana don tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya. Zafin ciwon nan ba na daurewa ba ne.

Batun abinci ya canja. A da akan hana mai ciwon ci da sha na kwanaki, wai don fankiriyas ta huta. Yanzu an gane cewa hanjin da aka bari ba abinci bangonsa yakan yi rauni, ƙwayoyin cuta su ratsa su isa ga gaɓar da ta ji ciwo. Saboda haka da zarar amai ya tsaya zafi ya fara sauka, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, akan fara ba da abinci mara maiƙo kaɗan-kaɗan: koko, farar shinkafa, tuwo mai laushi da miyar da ba a zuba mata mai ba. Wanda ya kasa ci akan sa masa roba ta hanci a ba shi ta nan, kuma robar ba alamar an yanke ƙauna ba ce. 'Yan dubiya su yi haƙuri, farfesun kayan ciki da man shanu ba su ne gaisuwa ba a wannan karon.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba a ba da su haka kawai, domin ba ƙwayar cuta ce ta haddasa kumburin ba. Ana ajiye su sai cuta ta shiga sashen da ya mutu, ko hanyar ruwan ɗaci ta toshe ta kamu. A wannan hali na biyu, mai zuwa da zazzaɓi da rawar ɗari da shawara, akan zura wata doguwar roba mai kyamara ta baki a buɗe ƙofar a zaro tsakuwar, kuma ana so a yi cikin awa 24. Manyan asibitoci ƙalilan ne suke da wannan aiki, shi ya sa in aka ce a tafi, a tafi. Wanda nasa ya yi tsanani kuwa jinyarsa ta makonni ce. Dangi sukan matsa a yi tiyata a cire abin da ya ruɓe, amma likitoci sun gwada gaggawa shekaru da yawa sun ga tana ƙara mace-mace. Yau akan jira kimanin mako huɗu har jiki ya yi wa mataccen naman ganuwa, a fara da zura siririyar roba a zuƙe mugunya, ba a buɗe ciki sai ya zama dole.

Mu koma kan wanda ya samu sauƙi, ya tashi ya ci, yana tambayar yaushe za a sallame shi. Idan tsakuwa ce sanadi, sauran tsakuwoyin suna nan a jaka, ƙofar kuma ba ta ƙara faɗi ba. Maganin shi ne a cire matsarmamar, kuma in ciwon mai sauƙi ne, a cire ta kafin a bar asibiti. A ƙasar Holan an gwada wannan a kan mutum 266, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda aka sallama aka ce su dawo bayan kusan wata guda, 17 cikin 100 sun sake faɗawa matsalar tsakuwa cikin wata shida. Waɗanda aka yi wa aikin kafin sallama, 5 cikin 100. Wannan a ƙasar da asibiti yake kusa da kowa ke nan. Ina ga wanda zai koma ƙauye, damina ta faɗi, hanya ta yanke, kuɗin ya tafi taki? Na san mutane suna tsoron a cire musu wani abu daga jiki, ban kuma ga laifinsu ba. Amma matsarmama ma'aji ce kawai. Hanta ce take yin ruwan ɗaci, bayan an cire jakar kuma ruwan yana zuba kai tsaye cikin hanji. Mutum yana ci yana noma, mace tana ɗaukar ciki tana haihuwa, ba tare da ita ba. Idan ba a iya aikin a inda kuke, kada ku fita sai kun san asibitin da za a yi da ranar da za a yi.

Wanda giya ce sanadinsa, ragewa ba ta isa ba, bari ne gaba ɗaya, har da taba. Kowane dawowar ciwon tabo yake bari, tabo a kan tabo har gaɓar ta ƙeƙashe, a koma ciwon da ba ya tafiya: zafi kullum, rama, bahaya mai maiƙo da wari, da ciwon sukari. Ko wanda sau ɗaya ya yi, ya kamata a riƙa auna masa sukari lokaci-lokaci, tunda gaɓar da ta ji ciwo ita ce mai yin insulin. Idan bayan makonni da sallama aka ji ƙullutu a saman ciki, ko saurin ƙoshi, ko amai ko zazzaɓi ya dawo, wataƙila ruwa ne ya taru ya yi jaka a gefen fankiriyas. A koma asibiti, kada a bari wani ya huda shi a gida.

Sai maganar takarda. Kafin ku bar asibiti, ku roƙi likita ya rubuta sunan ciwon, da sanadin da aka gano, da sakamakon gwaje-gwaje tare da ma'auninsu, da sunan kowane magani na asali ba sunan da kamfani ya raɗa masa kaɗai ba. Likitan Damagaram zai gane Turancin likitan Kano, na Kano ma zai gane Faransancin na Damagaram, domin kalmomin likitanci kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Abin da ba za su iya aiki da shi ba shi ne “an ce mini olsa ce”. Ku ɗauki hoton takardar da waya ku tura wa wani ɗan'uwa a ɗaya gefen iyakar, asalinta kuma a sa a leda a ajiye tare da katin shaida.